TSAKANIN RUWA DA WUTA: YADDA MUKA SHIRYA HAWAN DUWATSUN SHERE

Kwamitin wannan mujalla ya roƙe mu, mu malaman da ke kula da Ƙungiyar Labarin Ƙasa, mu rubuta wani abu game da hawan Duwatsun Shere da muka yi tare da ɗalibanmu a wannan shekarar karatu. Mun amsa da farin ciki, gama mun san labarin ya riga ya zaga makaranta ta bakuna dabam dabam. Waɗansu sun ce mun hau, waɗansu sun ce mun gudu. Kowannensu yana da tasa gaskiya, domin sau biyu muka je. A zuwan farko mun juyo saura kaɗan mu kai ƙololuwa, a na biyu kuwa Ubangiji ya kai mu har can bisa. Muna so mu bayyana yadda muka zaɓi ranakun nan biyu, da dalilin juyowarmu, domin iyaye su san yadda muke riƙon 'ya'yansu, malaman da za su gaje mu kuma su sami abin da za su ɗora a kai.

DUTSEN DA MUKA NUFA

Duwatsun Shere suna gabas da birnin Jos, tafiyar kamar kilomita 10. Ƙololuwar da ta fi tsawo a cikinsu ta kai wajen mita 1,829 bisa teku, babu kuwa inda ya fi ta bisa a duk tsaunin Filato. Jos kanta tana wajen mita 1,200 ne. Mutanen Afizere, waɗanda ake kira Jarawa, su ne mazauna ƙauyukan da ke gindin duwatsun. A nan ne kuma cibiyar horon nan da kowa ya sani da sunan Man O' War take da makarantarta ta hawan dutse. An fara wannan horo a 1951 a bakin teku kusa da garin da yanzu ake kira Limbe, a Kamaru, daga baya aka kawo shi Nijeriya.

Da muka fara zancen a taron ƙungiya, 'yan aji shida ba Shere suka so ba. Idonsu yana kan Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, wanda ke kan iyakarmu da Kamaru, cikin Gandun Dajin Gashaka Gumti da aka kafa a 1991. Muka gaya musu wancan tafiyar kwanaki ce, da kwana a daji, da rarrafe kuwa yaro kan tashi. A ƙarshe ɗalibai 32 suka kawo takardar izini daga iyayensu. Mu malamai huɗu ne, sai nas ɗin makaranta.

Ranar da Shugaban Makaranta ya sa hannu a takardar tafiya, tambaya ɗaya ya yi mana: "Yaushe?" Mun ɗauki makonni kafin mu ba shi amsa, gama a nan Filato shekara tana da maƙiya biyu ga mai hawan dutse, watau ruwa da wuta, ɗaya na tafiya ɗaya na shigowa.

DAMINA

A wajenmu ruwa yakan fara a watan Afrilu ya ɗauke a watan Oktoba, abin da ke sauka a shekara kuwa yakan kai wajen milimita 1,400. Yuli da Agusta sun fi kowane wata ruwa. A lokacin nan gansakuka takan lulluɓe falalen dutse, in ya jiƙe santsinsa sai ka ce an shafa sabulu. Rafin da ka tsallake da safe ruwa iya idon sawu, da yamma sai ka tarar ya kai ƙirji, alhali ko ɗigo bai taɓa ka ba, can bisa aka yi ruwan. Gajimare kuma yakan sauko ya zauna a kan dutse, har na baya ya kasa ganin na gabansa.

Farkon damina da ƙarshenta su ma suna da nasu haɗari. A lokacin ne hadari kan taso daga gabas, yawanci bayan rana ta juya, da iska mai ƙarfi, da aradu, wani lokaci har da ƙanƙara. Mutumin da ke tsaye a ƙololuwa ya fi komai tsawo a wurin, tsawa kuwa abin da ya fi tsawo take fara nema. Mun koya wa ɗalibai lissafin da kowa zai iya yi ba tare da na'ura ba. Ƙara takan yi kilomita 1 cikin daƙiƙoƙin agogo uku, watau sakan 3. In ka ga walƙiya, ka fara ƙirga har ka ji tsawa. In ba ka kai 30 ba, hadarin bai wuce kilomita 10 daga inda kake ba, lokacin sauka ya yi. Ba a kuma komawa fili sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe.

Ga kuma sanyi. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Tsakanin Jos da ƙololuwar Shere ke nan akwai bambancin digiri 4, ban da iskar da ke kaɗawa a bisa ba abin da ya tare ta. Yaron da rigarsa ta jiƙe, ga gajiya, ga yunwa, ga iska, jikinsa yakan rasa ɗumi da sauri fiye da yadda ake zato. A watan Nuwamba na 1971, a tsaunin Cairngorm na ƙasar Sikotland, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da ayarin 'yan makaranta, suka kasa kai wa mafaka, yara 5 da mataimakiyar jagora 1 suka rasu. Bayan wannan ne aka ƙara tsananta horon waɗanda ke kai yara hawan dutse a Birtaniya. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasarmu, amma darasin namu ne duka: in yanayi ya juya, ayarin yara ba ya iya sauri irin na babban mutum shi kaɗai.

RANI

Da ruwa ya ɗauke sai hunturu ya shigo. Iska ce busasshiya da ke tasowa daga arewa maso gabas, daga Hamadar Sahara, ƙurarta kuwa da yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa. Cikin makonni kaɗan ciyawar da damina ta raina, wadda a waɗansu wurare ta wuce tsawon mutum, sai ta bushe ƙayau. Daga nan ashana ɗaya ta isa.

Masu sa wutar suna da yawa, kowa da hujjarsa. Matasa 'yan farauta suna sa ta don su kori zomo da gafiya da gyazbi. Makiyayi yakan ƙone tsohuwar ciyawa domin sabon toho ya fito wa shanu. Manomi yakan ƙone shara a gona, mai cin zuma yakan bar bakin wutarsa a gindin itace, matafiyi kuma ya yar da guntun taba. Ba mu zo yi wa kowa shari'a a nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne, daga tsakiyar Nuwamba har zuwa ruwan farko, babu wanda zai iya ba ka tabbacin cewa ba za a sa wuta a gindin dutsen da kake bisansa ba.

Mun ba da darasi biyu cur a kan halin wutar daji, domin yawancin ɗalibai a fili suka saba ganinta, inda take tafiya a hankali har yara su bi ta suna kama fara. A kan dutse halinta dabam ne. Harshen wuta yakan kwanta ya jingina da tudu, ya gasa ciyawar da ke gabansa tun kafin ya iso ta. Masu nazarin gobara sun auna sun ga cewa duk digiri 10 da tudu ya ƙara miƙewa, gudun wuta mai hawa yakan ninka. A tudu mai digiri 20 ke nan ya ninka sau 4. Mutum kuwa akasin haka yake, tudu na ƙara miƙewa yana ƙara nauyi. Bugu da ƙari, da rana ta gasa jikin dutse, iska mai ɗumi takan bi tudu ta hau, ta tura wutar sama. Kwazazzabo mai ciyawa kuma ya fi ko'ina muni, gama yakan ja wuta kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙera. Da sassafe, sa'ad da raɓa ke kan ciyawa, iska kuma ba ta tashi ba, wuta ba ta da ƙarfi. Daga hantsi zuwa la'asar ne take nuna kanta.

Mun ba su labarai biyu na gaskiya. Ranar 5 ga Agusta 1949, a wani kwari mai suna Mann a jihar Montana ta Amurka, wuta ta bi ma'aikatan kashe gobara ta hau tudu a bayansu, mutum 13 suka rasa ransu. Shugabansu ya tsira ne domin ya kunna wata wuta a ciyawar da ke gabansa, ya kwanta cikin tokarta, babbar wutar ta zo ba ta sami abin ci a wurin ba, ta wuce. A watan Maris na 2018 kuma, a duwatsun Kurangani na jihar Tamil Nadu a Indiya, wutar daji ta tare ayarin masu hawan dutse a kan hanyarsu ta saukowa, fiye da mutum 20 suka mutu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

ƘOFOFI BIYU

Da muka jera watannin shekara a kan allo, muka soke na ruwa, muka soke na wuta, sai muka ga ƙofofi biyu ne kawai suka rage mana. Ta farko ƙunci gare ta: daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan hadari ya daina tasowa, kafin ciyawa ta gama bushewa. A lokacin nan sararin sama garau yake, rafuffuka suna da ruwa, ana hangen nesa. Illarta ita ce doguwar ciyawa, da macizan da ke cikinta, da kuma cewa ba ka san ranar da ƙofar za ta rufe ba. Ta biyu kuwa wajen ƙarshen Janairu ce, bayan wuta ta riga ta cinye abin da za ta ci. A lokacin hanya a fili take, amma ga sanyi, ga hazo, ga toka, rafuffuka kuma sun ƙafe. Muka zaɓi ta farko, muka ajiye ta biyu ko da a ce.

MATAMBAYI BA YA ƁATA

Wurare uku muka yi tambaya. Na farko, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wadda ake kira NiMet. Takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ta nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai fara da lokacin da zai ɗauke a kowane yanki, ban da hasashen kwanaki kaɗan da take bayarwa kullum. Na biyu, taswirar da hukumar NASA ta Amurka take sawa a intanet kyauta, inda taurarin ɗan'adam ke nuna wuraren da wuta ke ci da jajayen ɗigo. Malamin kwamfuta ya nuna wa ɗalibai yadda ake duba ta. Amma mun faɗakar da su cewa tauraron sau kaɗan yake wucewa a yini, labarinsa yakan makara da sa'o'i, ƙaramar wuta kuma takan kuɓuce masa. Yana gaya maka abin da ya faru da safe, ba ya gaya maka abin da wani yaro zai yi da ashana da hantsi.

Wuri na uku shi ya fi amfani. Mun je mun gai da mai unguwar ƙauyen da za mu tashi daga cikinsa, muka sanar da shi nufinmu, muka kuma sanar da jami'an tsaro na yankin, kamar yadda ya wajaba a zamanin nan. Mai unguwa ya haɗa mu da wani dattijo, tsohon mafarauci, da ɗansa. Da muka shimfiɗa masa taswirarmu, ya dube ta, ya yi murmushi, ya ce a naɗe, gobe ya nuna mana da ƙafa.

Kashegari mu biyu muka bi shi muka hau, babu ɗalibi ko ɗaya. Ya nuna mana hanyar da ta fi sauƙi ta gefen gabas, da wata ta gefen yamma wadda ta fi tsawo amma kusan duk a kan falalen dutse take, ta sauka cikin gonakin acca da aka riga aka girbe. Ya nuna mana faffaɗan falale uku inda mutum 40 za su iya zama nesa da ciyawa. Ya kuma tsaya a bakin wani kwazazzabo da ke ƙasa da ƙololuwa kaɗan, cike da doguwar ciyawa, wanda dole a ratsa shi a hawa, a kuma ratsa shi a dawowa. Ya ce, "Malam, nan ne maƙogwaron dutsen. In akwai hayaƙi a ƙasa, kada ka sa 'ya'yan mutane a ciki." Muka ce, "Baba, in tudu ya kare mana hayaƙin fa?" Ya ce, "Ku dubi shirwa. In kun ga sun taru wuri ɗaya suna shawagi ƙasa ƙasa, fara suke kamawa, wuta ce ta tashe ta." Duk wuraren nan muka sa musu alama a taswira.

LISSAFI DA DOKOKI

Don sanin tsawon lokacin hawa, mun yi amfani da ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya tsara a 1892: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. Hanyarmu kilomita 6 ce, hawan kuwa wajen mita 500, lissafi ya ba da awa biyu da 'yan mintoci. Amma wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne marar tsayawa. Muka ƙara rabi domin ayari, ya zama awa uku. In mun tashi da ƙarfe 6:30, za mu kai da wajen 9:30, mu sauko mu bar ciyawa kafin tsakar rana.

Sa'an nan muka rubuta dokoki, kowane ɗalibi ya sa hannu. Ba ashana, ba abin kunna wuta a jakar kowa sai ta jagora. Tufafin auduga za a sa, gama na roba yakan narke ya manne a fata. Kowa da ruwa lita 2, da suwaita, da kambas mai ƙarfi, da usur a wuya. Ƙungiya huɗu, mutum takwas takwas, a ƙirga kai a kowane wurin hutu. Manyan dokokin kuwa uku ne. In ƙarfe 10:30 ya yi ba mu kai ba, za mu juyo duk inda muke. In an ji tsawa, za mu juyo. In an ga hayaƙi a ƙasa da mu, ta gefen da iska ke fitowa, za mu juyo ta hanyar yamma ba gardama. Mun yanke waɗannan tun muna zaune a aji cikin natsuwa ne, domin mun san halin zuciya. In ido ya ga ƙololuwa kusa, sai ta fara kawo dalilai.

ZUWAN FARKO

Mun sa Asabar ta ƙarshe ta Oktoba, amma hasashen makon ya nuna hadari da tsawa, muka ɗaga zuwa Asabar ta biyu ta Nuwamba. Cikin makonni biyun nan hunturu ya leƙo. Ran Alhamis muka koma muka duba, muka tarar kan ciyawa ya yi ja, gindinta kuwa da sauran ɗanye. Baba ya ce a zo, amma a yi sammako.

Bayan addu'a muka tashi da ƙarfe 6:30 daidai, Baba a gaba, ɗansa da malami ɗaya a baya. Tafiya ta yi daɗi ƙwarai. Da 9:15 muna kan falale na uku muna cin gyaɗa da lemo, ga ƙololuwa muna kallonta, saura tafiyar rabin awa. Sai wata yarinya 'yar aji huɗu, wadda aka ba aikin duban gabas, ta busa usur. Wani siririn hayaƙi ne ke tashi can ƙasa, bayan wani tudu, arewa maso gabas da mu. Baba ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ƙurar ta nufo wajenmu. Ya ɗaga kai ya nuna mana shirwa. Bai ce komai ba, mu ma ba mu yi shawara ba, gama an riga an yi ta a aji. Muka ƙirga kai, muka kama hanyar yamma.

Da 11:30 muna cikin gonakin acca. Mutanen ƙauye sun riga sun fito da ɗanyen ganye suna tare wuta a bakin gonakin dawa. 'Yan mazanmu suka so shiga, muka hana, amma muka bar su suka taya mata kwashe dammunan da ke tare kusa da daji. Daga nan muka ga wutar ta kai kwazazzabon nan da wajen ɗaya saura kwata. Daga gindinsa zuwa bakinsa ba ta ɗauki lokacin da mutum zai ci tuwo ya wanke hannu ba.

GARDAMAR DA TA BIYO BAYA

A mota ba wanda ya yi waƙa. Ran Litinin shugaban ƙungiya, yaro mai kaifin lissafi, ya zo ofishin malamai da takarda a hannu. Ya ce, "Malam, ku gafarce ni. Da mun hau, da mun kai 9:45, mu huta, mu ratso kwazazzabon kafin 11. Wutar ba ta iso ba sai bayan awa biyu. Ashe da mun sauko lafiya." Wata kuma ta ƙara da cewa, "Malam, ba mun yi addu'a ba? Ina bangaskiyarmu?"

Mun ji daɗin tambayoyin nan, muka kai su gaban dukan ƙungiya. Ga na farko muka ce lissafinsa daidai ne, amma ran Litinin ya yi shi. Da ƙarfe 9:15 na ran Asabar babu wanda ya san ƙarfe nawa iska za ta ƙara ƙarfi, ko kuwa za a sa wata wutar kusa da ta farko. Da ƙafar mutum ɗaya ta gurɗe a cikin kwazazzabon, da awa biyun nan sun narke, gama ayari da tafiyar mafi rauni yake tafiya. Ana auna shawara da abin da aka sani sa'ad da aka yanke ta. Wanda ya ratsa ya fita lafiya sa'a ya yi, mu kuwa ba za mu iya tsayawa gaban uwa mu ce mata mun jingina ran ɗanta ga sa'a ba.

Ga ta biyu muka tuna mata da abin da ta koya a darasin Littafi Mai Tsarki. Sa'ad da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu Yesu kan tsororuwar Haikali ya ce ya dira, bai dira ba, ya kuma nuna cewa yin haka gwada Allah ne. Shi ne kuma ya ba da misalin mai ginin hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Mun roƙi kiyayewa da safe, aka ba mu idon yarinyar nan, da sanin Baba, da hanyar yamma. Da mun ture waɗannan muka kutsa cikin ciyawa muna cewa bangaskiya, da amsar addu'armu muka ƙi karɓa. Yaran nan amana ce a hannunmu, dutsen kuwa ba inda za shi. In da rai da rabo.

ZUWA NA BIYU

Asabar ta ƙarshe ta Janairu muka koma, bayan mun duba cewa ba a sa ran hazo mai kauri a ranar. Wannan karon kowa lita 3 ya ɗauka, da hankici na rufe hanci, nas kuma ta riƙe maganin masu ciwon asma a jakarta. Ma'aunin zafinmu ya nuna digiri 10 a gindin dutse. Dokokin nan uku ba mu rage ko ɗaya ba, ko da yake Baba ya ce wuta ba ta cin wuri sau biyu a shekara.

Dutsen ya zama baƙi ƙirin. Ɗalibai suka ga da idonsu abin da muke faɗa a aji: ƙananan itatuwa sun ƙone tun ba su kai ko'ina ba, ƙoƙon bayan kunkuru a cikin toka, ƙasa tsirara tana jiran ruwan farko ya kwashe ta. Can gefe kuma ga sabon toho kore shar, shanu suna kiwo, suka gane abin da makiyayi ke nema. Muka tuna musu cewa manyan koguna irin su Kaduna da Gongola daga tsaunin Filato suke tasowa, saboda haka ƙasar da ta zaizaye a nan, mutanen nesa ma suna biyan kuɗinta. Kwazazzabon da muka ƙi shiga a Nuwamba muka ratsa shi cikin minti goma, toka iya idon sawu. Shugaban ƙungiya ya tsaya ya dubi duwatsun gefe da gefe, yadda hayaƙi ya baƙanta su sama da kansa, sa'an nan ya ci gaba da tafiya.

Da 9:40 muka kai ƙololuwa, mu duka, ba a bar kowa a baya ba. Hazo ya rage mana hangen nesa, Jos dishi dishi muka gan ta, sai ruwan madatsar Lamingo yana ƙyalli. Muka yi waƙar yabo, yarinyar nan mai usur ta yi mana addu'ar godiya, muka ci burodi da ƙuli-ƙuli. Bayan minti 20 muka kama hanyar sauka.

GA MASU FITA DA MASU ZUWA

Ga malaman da za su kai wani ayari nan gaba, shawararmu ita ce ku fara shiri tun farkon zango na ɗaya. Ku sa rana biyu a takarda, ku taka hanyar da ƙafarku kafin ku kai yara, ku nemi dattijon wurin, ku kuma rubuta dokar juyowa tun kuna gida. Taswirarmu mai alamomi tana cikin kabad ɗin ƙungiya.

Ku kuma 'yan aji shida da za ku bar mu bana, waɗansunku za su hau Chappal Waddi wata rana, muna kuwa so ku aiko mana da hoto. Za ku kuma tarar da waɗansu duwatsun a jami'a, da wurin aiki, da zaman aure. Kafin ku sa ƙafa ku tambayi waɗanda suka riga ku, ku san lokacin da ya dace, ku san ta inda za ku sauko. In kun ga hayaƙi, kada kunyar abokai ta hana ku juyowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna godiya ga Shugaban Makaranta, da Ƙungiyar Iyaye da Malamai wadda ta biya kuɗin mota har sau biyu ba gunaguni, da nas, da direba, da masu dafa abinci da suka tashi tun da asuba. Muna godiya ta musamman ga mai unguwa, da Baba da ɗansa. Bisa duka muna gode wa Allah, wanda ya fitar da mu lafiya ya kuma dawo da mu lafiya. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku. Amin.